Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Sassan Ilimin Kwamfuta na Jami'o'in Arewa: A Sa Ɗalibanmu Su Sauke Littafi

Zuwa ga shugabannin sassan ilimin kwamfuta da injiniyancin manhaja na jami'o'i da kwalejojin fasaha na Arewacin Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, Allah ya ƙara muku girma, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan jama'a, a ajujuwan da ɗalibai suka fi kwamfutoci yawa nesa ba kusa ba. Ni ɗalibinku ne. Daga hannun wasunku na fito, kuma shekara goma sha biyu ke nan da rubuta manhaja nake riƙe iyalina. Yanzu nakan zauna cikin masu tantance matasan da ke neman aiki a wurinmu, akasarinsu kuma 'ya'yanku ne. Abin da nake gani a wannan kujera shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Buƙatata guda ce. Ina roƙon a ware wa ɗaliban ajin ƙarshe darasi ɗaya wanda ba za a rubuta ko layin kod ɗaya, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a cikinsa ba. Karatu kawai za a yi: littattafai da maƙaloli kan tsarin ginin manhaja, da tafiyar da mutane, da bayani a gaban jama'a, da yadda sabon abu ke samun karɓuwa. Kuma damar tana hannunku. Sabuwar manhajar karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disambar 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace da mutanenta. A cikin talatin ɗin nan nake neman gurbi.

Ku ba ni dama in faɗi dalili. A shekarata ta huɗu da fara aiki, mu shida aka ba mu kwangilar gina wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar adashi da rance. Muka makara da wata biyu. Mai kamfaninmu, mutumin kirki ne, hankalinsa ya tashi, ya ciwo bashi ya ɗauko ƙarin mutum shida, da lissafin cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sai aiki ya tsaya cak. Mu da muka san kan aikin muka koma malaman sababbi, yini guda muna nuna musu inda kaza yake. Wannan ya gyara nan, wancan ya ɓata can bai sani ba. Ba mu miƙa aikin ba sai bayan wata biyar, kuma kamfanin bai sake miƙewa ba. Mutum goma sha biyu muka watse, wasu da aure sabo. Bayan kusan shekara biyu wani abokin aiki ya ara mini The Mythical Man-Month na Frederick Brooks, na karanta babi na biyu, na ajiye littafin na yi shiru. Duk abin da ya same mu an rubuta shi tun 1975, kafin a haife ni.

Brooks shi ne ya jagoranci aikin kwamfutocin System/360 da manhajarsu ta OS/360 a kamfanin IBM a shekarun 1960, aikin da ya makara ya kuma ci kuɗi fiye da yadda aka tsara. Da ya koma koyarwa a Jami'ar North Carolina, sai ya zauna ya tambayi kansa me ya faru. Hukuncin da ya yanke, wanda yanzu ake kira dokar Brooks, shi ne ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Ba camfi ba ne, lissafi ne wanda ɗan aji ɗaya zai iya yi. Mutum shida suna da hanyar magana 15 a tsakaninsu, kowane biyu hanya guda. Idan suka zama goma sha biyu, hanyoyin sun zama 66. Hannu ya ninka sau biyu, bakin da za a daidaita ya ninka fiye da sau huɗu. Ga kuma lokacin koya wa sabon zuwa. Ga aikin da ba ya rabuwa ko da mutum nawa aka zuba masa, kamar yadda shuka ba ta nuna da wuri don an ƙara manoma. Da akwai mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa jin wannan a aji, da ya iya zama da maigidanmu ya nuna masa lissafin, ya ce a rage abin da za a miƙa a zangon farko maimakon a ƙara mutane. Dukkanmu mun iya Java, yaren rubuta manhaja. Babu wanda ya san wannan.

Shi ya sa na sa Brooks a gaba. A nemi bugun 1995, domin a cikinsa akwai maƙalarsa ta 1986 mai suna No Silver Bullet, wadda ta raba wahalar aikin manhaja gida biyu. Akwai wahalar da kayan aiki ke jawowa, wadda sabon yaren rubuta manhaja ko sabuwar na'ura kan rage. Akwai kuma wahalar da ke cikin jinin aikin: gane ainihin abin da ake so a gina, da yadda sassansa za su zauna da juna. A yau da ɗalibi ke iya gaya wa ChatGPT ya rubuta masa shafi guda na kod cikin daƙiƙa goma, wannan maƙala ta fi kowane lokaci amfani. Kashi na farko na'ura tana ta cinye shi. Wanda ba a koya wa kashi na biyu ba, me zai sayar?

Wannan ya kawo ni ga tsarin gini. Ku dubi masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Duk magini ya san azara tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki nauyi, in an wuce shi rufi ya lotsa. Gwanintar Babban Gwani ba a kwaɓa ƙasa ko jera tubali take ba, yaransa ma sun iya wannan. Tana wajen sanin inda nauyi zai sauka, da yadda zai ɗaure bakan gizo ya samu faɗin da azara ita kaɗai ba za ta ba shi ba. Yaranmu suna fitowa sun iya jera tubali tsaf. Amma in na tambayi yaro me ya sa ya raba manhajarsa kashi huɗu ba uku ba, ko wane sashe ne zai fara rushewa in masu amfani suka ninka sau goma, sai ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Maganin farko shafi shida ne kacal. A 1972 David Parnas ya buga maƙala a mujallar Communications of the ACM kan ma'aunin da ya kamata a bi wajen raba manhaja zuwa sassa. Ya ɗauki ƙaramin aiki guda ya raba shi ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ke yi da ka: mataki na ɗaya sashe, mataki na biyu sashe, bi da bi. Ta biyu kuwa sai ka fara tambayar kanka waɗanne shawarwari ne za su iya canzawa gobe, ka ɓoye kowace ɗaya a cikin ɗakinta, ta yadda in ta canza ba sai an rushe gidan duka ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ban ga bayanin da ya fi shi ba. A haɗa shi da maƙalar Melvin Conway ta 1968, wadda ta nuna cewa tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauko kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. In sashen kuɗi da sashen rajista na wata ma'aikata ba sa ga maciji, to manhajojinsu ma ba za su yi magana ba, ko wane gwani aka kawo. Duk wanda ya taɓa yi wa ma'aikatar gwamnati aiki zai gane wannan tun kafin ya kai ƙarshen shafi.

Daga nan sai Release It! na Michael Nygard, wanda ya fito a 2007. Ba don mu aka rubuta shi ba, amma ya fi dacewa da mu a kan mutanen da aka rubuta dominsu. Maganarsa ita ce manhajar da ta ci jarrabawa a ofis daban take da wadda za ta rayu a waje. Yana koyar da cewa duk lokacin da manhajarka ta kira wata, ka sa mata iyakar jira. In waccan ta yi ta gazawa, ka katse kiran na ɗan lokaci kamar yadda fis ke yanke wuta kafin gida ya kama. Ka kuma raba kayanka ɗaki ɗaki don kada ɓarnar wuri ɗaya ta ci sauran. Mu da ke aiki inda ake ɗauke wuta ba sallama, sabis ya tafi ana tsakiyar tura kuɗi, wannan karatun farilla ne. Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya. Sau nawa aka cire wa mutum kuɗi ba su isa ga mai kaya ba, ya sake turawa, aka cire sau biyu? Wannan matsala tana da suna a iliminmu, tana da magani sananne, wato a tsara aikin ta yadda ko an maimaita umarni sau uku, sau ɗaya zai yi tasiri. Martin Kleppmann ya yi bayaninta dalla dalla a Designing Data-Intensive Applications na 2017. Littafi ne mai nauyi, ba na cewa a sauke shi duka a zango ɗaya. Babobinsa kan cinikin rumbun bayanai da kan rashin tabbas na hanyoyin sadarwa sun isa.

Zan ce a yi hattara da Design Patterns na 1994, littafin nan mai salon tsara manhaja guda 23. Littafi ne mai daraja, amma na ga yadda yake yi wa wanda bai taɓa shan wahalar gyaran tsohon aiki ba. Yakan haddace sunayen, sannan ya riƙa cusa su inda ba a neme su ba. A bar shi sai yaro ya shekara biyu a bakin aiki. Daga littafin Eric Evans na 2003 kuwa, Domain-Driven Design, darasi ɗaya nake so a ɗauko: mai gina manhaja da mai sana'ar su yi magana da kalmomi iri ɗaya, kuma kalmomin su shiga cikin kod ɗin kansa. In matan da kake yi wa aiki suna cewa zubi da kwasa da uwar adashi, kai kuma ka rubuta kalmomin banki na Turanci, to tun ranar ka fara gina abin da ba nasu ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato magana a gaban mutane.

A daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol mai ƙera rokokin harba kumbo a Amurka sun yi taro ta waya da jami'an hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, NASA. Washegari za a harba kumbon Challenger, kuma an yi hasashen sanyi mai tsanani a Florida. Injiniyoyin sun san cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin yana ƙanƙamewa a cikin sanyi, ba ya toshewa da kyau. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya riga ya rubuta gargaɗi tun watan Yulin 1985. Suka tura takardu 13, suka ba da shawarar kada a harba in sanyi ya wuce na harbin da ya fi kowanne sanyi a baya, wajen digiri 12 a ma'aunin Salshiyos. Aka yi ta ja, manajojin kamfanin suka keɓe, suka dawo suka sa hannu a harba. Da safe, ana wajen digiri 2, kumbon ya tashi. Bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum bakwai, cikinsu har da malamar makaranta.

Edward Tufte, a littafinsa Visual Explanations na 1997, ya ɗauko takardun nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hujjarsa ita ce babu ko ɗaya a cikinsu da ta jera dukkan harbe-harben baya, sanyin ranar a gefe guda, lalacewar roba a ɗaya gefen, yadda ido zai ga alaƙar nan take. Ya zana wannan hoton da kansa, kuma duk wanda ya gani gabansa sai ya faɗi. Ba kowa ya yarda da shi ba. A 2002 Boisjoly da wasu malamai sun mayar masa da martani, suka ce ya ɗora wa injiniyoyi laifin da na manajoji ne, kuma ya yi hukunci da bayanan da ba su a hannunsu a daren. Ina so ɗalibanmu su karanta ɓangarorin biyu, a raba aji gida biyu su yi muhawara. Ko wane ɓangare yaro ya bi, zai fita da sanin cewa kana iya zama da gaskiya a hannunka a ƙi jin ka, kuma yadda ka shimfiɗa ta yana cikin aikinka na injiniya.

Tufte ya sake dawowa kan batun bayan hatsarin kumbon Columbia na 2003, a wani ɗan ƙaramin littafi kan illar PowerPoint, inda ya nuna yadda aka binne babban haɗari a ƙasan allo cikin ƙananan haruffa, alhali taken allon yana kwantar da hankali. Kwamitin binciken hatsarin ma ya soki yadda allunan majigi suka maye gurbin cikakken rahoto a hukumar. Kamfanin Amazon tun 2004 ya daina amfani da allunan a tarukan manyansa, sai dai a rubuta bayani cikakke da bai wuce shafi shida ba, kowa ya karanta a tsit kafin a fara magana. Ku kwatanta wannan da ranar kare aikin kammala karatu a sassanmu: allo arba'in, yaro ya juya wa malamai baya yana karanto abin da kowa ke gani.

Na san littattafan gyaran allo irin su Presentation Zen na Garr Reynolds, kuma suna da amfaninsu. Amma in ɗaya za a zaɓa, a ɗauki The Pyramid Principle na Barbara Minto, wadda ta koyar da rubutu a kamfanin ba da shawarar kasuwanci na McKinsey. Darasinta shi ne ka fara da amsar, sannan dalilan da suka riƙe ta, sannan hujjar kowane dalili. Wannan yana yi mana wuya, domin tarbiyyarmu ta koya mana kewaye kafin a iso ga buƙata, musamman a gaban babba. Ba na cewa a bar gaisuwa, Allah ya kiyaye. A gaisa, a girmama. Amma da zarar an gama, jumlar farko ta zama ita ce maganar: ranka ya daɗe, aikin ba zai kammala a watan gobe ba, ga dalili uku, ga abin da nake ba da shawara. Kuma ina roƙon a sa kowane ɗalibi ya yi bayanin aikinsa sau biyu, sau ɗaya da Turanci, sau ɗaya da Hausa, a gaban wanda bai san kwamfuta ba. Wanda zai biya shi kuɗi gobe wataƙila Alhaji ne a Kantin Kwari ko shugabar wata makarantar Islamiyya. Na kuma lura cewa Turanci yana ba yaro wurin ɓuya. Yakan jero manyan kalmomi ba tare da ya gane su ba, amma da an ce faɗa mini da Hausa, nan take za a san ko ya fahimta.

Wannan jumla ta "aikin ba zai kammala ba" ita ce mahaɗar magana da shugabanci. A aikin adashin da na ba ku labari, mu shida mun san tun sati na uku cewa ranar da aka yi alkawari ba mai yiwuwa ba ce. Babu wanda ya faɗa. Kullum maigida ya tambaya, amsar ita ce ana nan ana ƙoƙari, in sha Allahu. Kunya ce da girmamawa, kyawawan halaye, amma a wannan wurin sun ci amanar mutumin da muke girmamawa. Don haka nake son High Output Management na Andrew Grove, shugaban kamfanin Intel na wancan lokacin, wanda ya fito a 1983. Da misalin dafa ƙwai da gasa burodi na karin kumallo ya buɗe littafin, ya nuna yadda ake gano matakin da ya fi cin lokaci a tsara sauran a kansa. Ya ce ba a auna manaja da abin da hannunsa ya yi, sai da abin da mutanensa suka fitar. Ya kuma dage kan ganawar mutum biyu a kai a kai tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, wadda na ƙasan ne ke kawo abin da za a tattauna. A wurinmu wannan ganawa ita ce ƙofar da mummunan labari zai bi ya iso da wuri, tunda ba za a faɗe shi a bainar jama'a ba.

Tom DeMarco da Timothy Lister, a Peopleware na 1987, sun tsaya a kan cewa manyan matsalolin aikinmu na zamantakewa ne fiye da na fasaha. Sun nuna yadda hayaniya da yawan katse mutum ke kashe aikin tunani, da yadda tilasta wa mutane kwana a ofis ke jawo kurakuran da za a biya daga baya. Wasu shawarwarinsu, kamar ba kowa ofis mai ƙofa, na masu hali ne. Amma babinsu kan yadda shugaba ke kashe haɗin kan ma'aikatansa da hannunsa, ta hanyar rashin yarda da su da sa musu wa'adin ƙarya, ba ya buƙatar ko sisi. A ƙara da babi guda daga littafin injiniyoyin Google na 2016, Site Reliability Engineering, kan binciken da ake yi bayan an samu matsala ba tare da neman wanda za a tsire ba. A wuraren aikinmu da yawa, in manhaja ta faɗi tambayar farko ita ce wa ya yi. Sakamakon haka kowa ya koyi ɓoye kuskurensa, kuskuren kuma ya dawo.

Game da ƙirƙira, zan taƙaita, domin an cika surutu a kanta. Matasanmu sun ƙoshi da labarin waɗanda suka bar jami'a suka zama attajirai. Abin da ba su ji ba shi ne Everett Rogers. Littafinsa Diffusion of Innovations ya fara fitowa a 1962, kuma tushensa binciken ƙauye ne, irin wanda aka yi kan yadda manoman Iowa suka karɓi sabon irin masara. Akwai labari a farkonsa na wani ƙauye a ƙasar Peru mai suna Los Molinos, inda wata ma'aikaciyar lafiya ta shekara biyu tana jan hankalin gidaje wajen 200 su riƙa tafasa ruwan sha. Mata 11 kawai suka karɓa. Ba taurin kai ba ne. A al'adar garin, dafaffen ruwa na marasa lafiya ne, kuma ita ta yi ta bayanin ƙwayoyin cutar da ba a gani, ga matan da ba su ne ake jin maganarsu a garin ba. Rogers ya fitar da tambayoyi biyar da ke nuna ko sabon abu zai yaɗu: ya fi abin da ake da shi? Ya dace da al'ada da buƙatar mutane? Yana da sauƙin ganewa? Ana iya gwada kaɗan kafin a shiga gaba ɗaya? Maƙwabci zai ga amfaninsa da idonsa? Duk ɗalibin da ya zo muku da manhajar manoma, wadda ke buƙatar babbar waya da data da karatun Turanci, a sa shi ya amsa biyar ɗin nan a rubuce kafin a amince da aikinsa.

The Innovator's Dilemma na Clayton Christensen, 1997, shi ma a karanta, ko da rabinsa na farko. Ya bi tarihin masu ƙera faifan ajiyar kwamfuta, daga mai inci 14 zuwa 8 zuwa 5.25 zuwa 3.5, ya nuna yadda manyan kamfanoni suka riƙa faɗuwa ba don sakaci ba, sai don sun saurari manyan kwastomominsu sun raina ƙaramar kasuwa. Masana tarihi irin su Jill Lepore sun soki yadda ya zaɓi misalansa, kuma ya kamata ɗalibai su san da haka. Amma yaron da ya ga yadda masu POS a bakin titi da kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka kama mutanen da ba sa shiga banki, yana da abin da zai auna littafin da shi.

Na san abin da za ku ce, domin na tattauna da wasunku. Littafi ɗaya yakan kai dala arba'in ko hamsin, yara kuma ba sa karatu. Kan kuɗi, wasu daga cikin abin da na ambata kyauta ne. Tun 2022 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta buɗe maƙalolinta na 1951 zuwa 2000 ga kowa, ta Parnas tana ciki. Conway ya sa tasa a shafinsa. Littafin Google yana intanet kyauta da izinin masu shi. Sauran kuwa kwafi biyar biyar a ɗakin karatun sashe sun isa, kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tana da kason bunƙasa ɗakunan karatu wanda za a iya nema ta hannun ma'aikatan laburare.

Kan rashin karatu kuwa, ban yarda yaranmu ba sa iya sauke littafi ba. Da yawansu sun zauna a zaure gaban malam sun bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala, layi bayan layi, ɗalibi ya karanto, malam ya fassara ya warware, a yi tambaya, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Wannan hanya tamu ce, kuma ta fi raba takardun haddar jarrabawa nesa. A yi wa Brooks haka. Babi ɗaya a mako, ɗalibi ɗaya ya karanto ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa ko da Turanci, sauran su yi masa gyara. A gayyato tsofaffin ɗalibai da ke bakin aiki su zo su ce ga inda wannan babi ya same ni. Jarrabawar kuma kada ta zama "kawo dokar Brooks". A ba yaro labarin aikin da ya lalace, a ce ya rubuta wa mai kamfanin shafi biyu, ya gaya masa gaskiya cikin ladabi, ya kuma tsaya ya kare abin da ya rubuta na minti biyar.

Akwai aiki na gaba wanda ya fi ƙarfin sashe ɗaya, wato samar da waɗannan ma'anoni da Hausa. Muna da sassan Hausa masu ƙarfi a Zariya da Kano da Sakkwato, ga cibiyar binciken harsunan Najeriya da fassara a Jami'ar Bayero. In malamin kwamfuta da malamin Hausa suka zauna tare, za su iya neman izinin fassara gajerun maƙalolin nan, ko su rubuta sharhinsu da misalan kasuwanninmu da asibitocinmu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suka yi karatunsu da Faransanci, su ma za su amfana.

Ba sai an jira majalisar jami'a ta amince da sabon darasi ba kafin a fara. A zangon nan, malami ɗaya zai iya buga shafi shidan Parnas ya raba wa ajin ƙarshe, a ware awa biyu ranar Laraba ko Asabar. Ni da wasu abokan aikina huɗu mun yi shawara, a shirye muke mu riƙa zuwa sau ɗaya a wata a kan kuɗin motarmu, mu zauna da ɗalibai, kuma mun haɗa kwafi goma na Brooks da na Grove da za mu bayar ga sashen da ya fara buɗe wannan zama.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya, ya albarkaci zuri'a. In na yi kuskure ko na wuce gona da iri, ɗalibi ne ke magana a gaban malamansa, a gafarce ni a kuma gyara mini.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
wani maginin manhaja daga Kano